Binciken tsufa a jikin ɓera: hanyar abinci ko hanyar gajiyayyun ƙwayoyin halitta?

Tun daga shekarar 2022 da labarin Gidauniyar Hevolution ya bazu, cewa Saudiyya ta yi niyyar kashe kuɗin da zai iya kaiwa dala biliyan ɗaya a kowace shekara kan binciken tsufa da cututtukan da ke tafe da shi, ƙannenmu masu karatun ilimin halittu da na haɗa magunguna a Jidda da Riyad da Thuwal suka fara zuba wa wannan fage ido. A cikinsu akwai 'ya'yan gidajen Hausawa da suka daɗe a Makka da Madina, akwai kuma waɗanda suka zo da minha, wato tallafin karatu, daga Kano ko Damagaram, waɗanda iƙamarsu ke ɗaure da shekarun karatunsu. Idan irin wannan ɗalibi ya zauna gaban mushrif, wato malamin da ke duba bincikensa, domin a tsayar da maudu'in majistir ko daktora, galibi hanya biyu zai tarar a gabansa. Ta farko ita ce nazarin yadda jiki ke jin yawan abinci ko ƙarancinsa, da yadda hakan ke gaggauta tsufa ko ya jinkirta shi. Ta biyu ita ce nazarin gajiyayyun ƙwayoyin halitta, waɗanda suka daina rabuwa amma suka ƙi mutuwa. Dukansu a jikin ɓera aka fi gina hujjojinsu, sai dai sun sha bamban wajen ƙarfin hujja da lokacin da suke ci da kuɗin da suke buƙata.

Dole a fara da ɓeran kansa, domin shi ne ma'aunin da hanyoyin biyu suka dogara da shi. Baƙin ɓeran gwaji da ake kira C57BL/6 yakan rayu shekara biyu da 'yan watanni, kaɗan ne ke haura shekara uku, kuma masana suna kwatanta ɓera mai wata 18 zuwa 24 da mutum mai shekara 56 zuwa 69. Mafi yawan ɓerayen gwaji ciwon daji ne ke kashe su, ba toshewar jijiyoyin zuciya ba, kuma ba sa kamuwa da cutar mantuwa ta tsofaffi sai an sauya musu ƙwayoyin gado da gangan. Saboda haka duk lokacin da aka ce wani magani ya tsawaita ran ɓera, abin da ya kamata a fara tambaya shi ne ko tsufan ya jinkirta ko kuwa ciwon daji kawai ya danne.

Hanyar abinci ita ce babba a shekaru. A 1935 Clive McCay na Jami'ar Cornell ya nuna cewa manyan ɓerayen da aka rage wa abinci, ba tare da an hana su sinadaran da jiki ke buƙata ba, sun fi waɗanda aka sakar wa mara daɗewa a duniya. An yi shekaru da dama ana maimaita wannan gwaji kafin ƙwayoyin gado su nuna inda abin yake. A 1996 Holly Brown-Borg da Andrzej Bartke suka ba da rahoton cewa wadannin ɓerayen da ake kira Ames, waɗanda ƙwayar gadonsu ta Prop1 ta lalace har jikinsu ba ya samar da homon girma, sun fi 'yan'uwansu tsawon rai da kusan rabi, matansu ma fiye da haka. Wani ɓeran da aka cire wa makarɓin wannan homon ya kusa cika shekara biyar. A ƙasar Ikwado ta Kudancin Amurka kuma an sami mutanen da ke da irin wannan nakasa, kuma binciken da aka wallafa a 2011 ya nuna ciwon daji da ciwon suga ba kasafai suke kama su ba. Darasin da aka ɗauka shi ne cewa saƙon da ke umartar jiki da girma, idan ya ci gaba da aiki da ƙarfi bayan an gama girma, yana da hannu a saurin tsufa.

A cikin ƙwayar halitta, cibiyar wannan saƙo wani furotin ne mai suna mTOR. Idan abinci ya wadata, musamman furotin, sai ya sa ƙwayar ta duƙufa kan ƙira da girma. Idan abinci ya yi ƙaranci, sai ya lafa, ƙwayar ta koma narkar da lalatattun sassanta tana sake amfani da su, aikin da Yoshinori Ohsumi ya samu kyautar Nobel a kansa a 2016. Maganin da ke danne mTOR shi ne rapamycin, wanda aka samo daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasar tsibirin Rapa Nui, kuma tun 1999 ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda domin kada jikinsu ya ƙi ta.

A nan ne hanyar farko ta samu hujjar da, a ganina, har yau babu kamarta a wannan fage. Hukumar binciken tsufa ta Amurka tana da wani shiri da ake gwada magani guda a wurare uku lokaci ɗaya: cibiyar Jackson da ke jihar Maine, da Jami'ar Michigan, da jami'ar da ke San Antonio a Teksas. Ɓerayen da ake amfani da su jikokin zuriya huɗu ne daban-daban, ta yadda kowanne yana da nasa gadon kamar yadda mutane suke. A gwajin rapamycin an samu jinkiri wajen haɗa maganin da abinci ta yadda ba zai lalace ba, har sai da ɓerayen suka kai kwana 600 kafin a fara ba su, kuma da yawa sun ɗauka lokaci ya riga ya ƙure. Sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna shekarun da mafi daɗewarsu ke kaiwa sun ƙaru da kashi 14 cikin 100 a mata, da kashi 9 a maza, a duka wuraren uku. Da aka ninka maganin sau uku, rahoton 2014 ya nuna matsakaicin tsawon rai ya ƙaru da kashi 26 a mata da 23 a maza. Wannan shiri ɗin ne kuma ya kayar da resveratrol, wani sinadarin inabi da aka daɗe ana kururutawa, ya nuna maganin ciwon suga metformin shi kaɗai bai yi wani tasiri na a zo a gani ba, sannan ya gano cewa acarbose da canagliflozin, waɗanda duk magungunan ciwon suga ne da likitocinmu suka sani, maza suka fi amfana da su. Ɗalibin da ya tsara gwajinsa da jinsi ɗaya kawai domin rage kuɗi, to ya sani rabin labarin zai samu.

Rapamycin ba shi da tsarki daga illa. A jikin ɓera yana kawo yanar ido da lalacewar maraina, kuma idan aka daɗe ana ba da shi jiki yakan rage sauraron insulin, abin da aka gano a 2012 cewa yana faruwa ne saboda mTOR reshe biyu gare shi, kuma maganin yana taɓa na biyun, ba na farko kaɗai da ake nufi ba. A ƙasar da ciwon suga ya yi katutu kamar Saudiyya, wannan illa ita kanta maudu'in daktora ce: wane irin tsarin ba da magani ne, na ɗan lokaci ko na tsallake kwanaki, zai danne reshen farko ya bar na biyu?

Rage abinci kuwa ya fi yadda ake zato wuyar sha'ani. A 2010 an gwada shi kan zuriyoyi 41 na ɓeraye, sai aka ga waɗanda ya gajarta wa rai sun fi waɗanda ya tsawaita wa yawa. A 2022 ɗakin gwajin Joseph Takahashi ya nuna cewa rage kashi 30 na abinci ya ƙara tsawon rai da kashi 10 idan an rarraba abincin dare da rana, amma ƙarin ya kai kashi 35 idan an ba da shi da dare kawai, lokacin da ɓera ke farke. A 2024 cibiyar Jackson ta wallafa gwaji kan ɓeraye mata 960 masu gado daban-daban: waɗanda aka sakar wa abinci sun yi wata 25 a matsakaici, masu kame baki na kwana ɗaya ko biyu a mako wata 28, waɗanda aka rage wa kashi 20 wata 30, waɗanda aka rage wa kashi 40 wata 34. Amma a cikin kowane rukuni waɗanda ba su rame sosai ba su suka fi daɗewa, kuma gado ya fi abincin tasiri. Duk wanda ya ɗauki wannan maudu'i ya shirya amsa tambayar da za a yi masa a kowace majalisa game da azumin Litinin da Alhamis. Amsar gaskiya ita ce ɓeran da ya wuni ya kwana bai ci ba yakan zubar da wani babban kaso na nauyinsa saboda saurin aikin jikinsa, ba a hana shi ruwa, kuma darensa shi ne ranarsa. Ba a ɗaukar lissafin keji a ɗora shi kan ibada.

Aikin yau da kullum a wannan hanya yana da gajiyarwa. Ana yawan raba ɓerayen kowa da kejinsa domin kada mai ƙarfi ya cinye rabon mai rauni, a auna abincin kowanne da ma'aunin giram, a zuba a daidai lokaci guda kowace rana, har Juma'a da ranar salla. Ɓeran da aka rage wa abinci yakan lamushe rabonsa cikin 'yan sa'o'i kaɗan sannan ya zauna da yunwa har gobe, wanda ke nufin an haɗa masa rage abinci da dogon kame baki ba tare da an yi niyya ba. Idan kuwa tsawon rai ake son aunawa, sai an jira kusan shekara uku, da ɗaruruwan ɓeraye, kuma na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya cik na yini guda a zafin Yuli na iya rusa aikin gaba ɗaya.

Hanya ta biyu ta faro ne daga faranti, ba daga keji ba. A 1961 Leonard Hayflick da Paul Moorhead suka gano cewa ƙwayoyin halittar ɗan'adam da ake reno a ɗakin gwaji sukan rabu kamar sau 50 sannan su tsaya. Daga baya aka fahimci cewa bakin zaren gado yana gajarta duk lokacin da ƙwaya ta rabu, amma ba wannan kaɗai ke jawo tsayawar ba. Karyewar zaren, ko farkawar wata ƙwayar gado mai jawo ciwon daji, duk suna sa furotin irin su p53 da p21 da p16 su taka wa ƙwayar burki. Wannan kariya ce daga ciwon daji, kuma tana da amfani. Matsalar ita ce, kamar yadda ɗakin gwajin Judith Campisi ya nuna a 2008, ƙwayar da ta tsaya ba shiru take yi ba: tana tsiyayar da sinadaran kumburi irin su IL-6 da IL-8 da wasu masu cin naman da ke kewaye da ita, har ta gurgunta maƙwabtanta masu lafiya. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Hujjar cewa waɗannan ƙwayoyi sababi ne na tsufa, ba alamarsa kaɗai ba, daga asibitin Mayo da ke Minnesota ta fito. Darren Baker da Jan van Deursen sun ƙera ɓeran da za a iya kashe masa duk ƙwayar da ke ɗauke da p16 mai yawa ta hanyar yi masa allura. A 2011 suka nuna hakan yana jinkirta yanar ido da zubewar tsoka a ɓeraye masu tsufa da wuri, a 2016 kuma suka maimaita a ɓeraye na yau da kullum daga wata 12, inda matsakaicin tsawon rai ya ƙaru da kashi 17 zuwa 35 gwargwadon jinsi da zuriya. A 2015 James Kirkland da abokan aikinsa suka fito da magungunan da ke yin wannan aiki ba tare da an taɓa ƙwayar gado ba, wato dasatinib na ciwon dajin jini haɗe da quercetin da ake samu a albasa da tuffa. A 2018 suka dasa wa samarin ɓeraye gajiyayyun ƙwayoyi kaɗan, sai tafiyarsu ta ragu, riƙonsu ya yi rauni. Suka kuma ba tsofaffi masu wata 24 zuwa 27 maganin, sauran kwanakinsu suka ƙaru da kashi 36.

Abin da ke jan hankalin ɗalibi a nan shi ne sauri. Za a iya gajiyar da ƙwayoyin fata a faranti da haske mai ƙuna ko da maganin doxorubicin, cikin kwana goma ko makonni biyu su tsaya. Sai a zuba musu wani ruwan rini da aka daidaita tsaminsa a ma'auni na 6, a bar su su kwana a ɗumin jiki, da safe a sa su ƙarƙashin madubin likita. Ƙwayoyi masu lafiya za su bayyana sirara, marasa launi, a jere. Gajiyayyu kuwa manya ne, a baje, da shuɗi a kewayen tsakiyarsu. Wannan gwaji tun 1995 ake amfani da shi, ba shi da tsada, kuma hotonsa yana da kyau a takardar kammala karatu.

Kyan hoton nan shi ne tarkon hanyar. Ƙwayoyin da suka cunkushe a faranti su ma sukan yi shuɗi alhali ba su gaji ba. Wasu fararen ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye datti suna ɗauke da p16 kuma suna rinuwa, don haka idan an ga shuɗi a yankan hanta ko kitse ba a san wa aka gani ba sai an haɗa alamomi uku ko huɗu. Har yanzu babu alama guda da masana suka yarda ta isa ita kaɗai, shi ya sa Amurka ta buɗe wani shiri a 2021 domin zana taswirar waɗannan ƙwayoyi a gaɓoɓin jiki. Ba kuma kowace gajiyayyiyar ƙwaya ce abar kashewa ba. A 2014 an nuna cewa idan aka kawar da su rauni yakan daɗe bai warke ba, a 2020 kuma wani bincike a Faransa ya nuna kashe masu p16 a hanta yana barin tabo, domin yawancinsu ƙwayoyin bangon ƙananan hanyoyin jini ne da ba a maye gurbinsu. Navitoclax, wanda ke da ƙarfi wajen wannan aiki, yana rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. Fisetin, wani sinadarin tsirrai wanda aka ce ya tsawaita ran ɓera a 2018, da aka kai shi shirin nan na wurare uku bai ƙara komai ba. A jikin mutane ma gwajin farko na 2019 kan masu cutar taurin huhu mutum 14 ne kacal, kuma wata allurar gwiwa da aka sa wa rai ta faɗi a gwajinta na 2020.

Akwai hanya ta uku da matasa ke yawan ambato, wato mayar da ƙwayar halitta ƙuruciya da ƙwayoyin gado huɗu da Shinya Yamanaka ya gano a 2006. A 2013 an ga kunna su a jikin ɓera mai rai yana haifar da ƙari, a 2016 kuma cibiyar Salk ta nuna kunna su kwana biyu a kashe kwana biyar yana tsawaita ran ɓeraye masu tsufa da wuri da kusan kashi 30. Fage ne mai armashi, amma yana buƙatar ɓeraye na musamman da ƙwarewar da ba kowane ɗakin gwaji ke da ita ba, don haka ban ga dalilin da mai shekara biyu a hannu zai shige shi ba sai idan mushrif ɗinsa ya riga ya yi nisa a ciki.

Idan aka aza biyun farko a sikeli, hanyar abinci ta fi nauyin hujja nesa ba kusa ba: an ga tasirinta a ƙwayar yis mai kumbura burodi da tsutsa da ƙuda da ɓera, an kuma maimaita shi a hannun mutanen da ba su da wata riba a sakamakon. Hanyar gajiyayyun ƙwayoyi ta fi sauƙin farawa, ta fi ba da sakamako da wuri, amma ma'auninta bai gama zama ba, kuma yawancin manyan sakamakonta daga ɗakunan gwaji kaɗan suka fito. Ta fuskar kuɗi, tsofaffin ɓeraye su ne babban nauyi a duka biyun. Ajiyar tsofaffin ɓeraye ta gwamnatin Amurka ta waɗanda take ba tallafin bincike ce, na sayarwa kuma suna da tsada ƙwarai kafin a zo kan jigilarsu, reno daga haihuwa kuwa yana cinye shekara ɗaya da rabi kafin a fara komai. Izinin kwamitin ɗa'ar bincike kan dabbobi shi ma yana ɗaukar lokaci, kuma ba a taɓa ɓera ko ɗaya kafin ya fito.

Shawarata ga ɗalibin majistir ita ce ya ɗauki hanya ta biyu, amma ya taƙaita ta ga gaɓa ɗaya da cuta ɗaya, kuma ciwon suga shi ne mafi dacewa da wurin da yake. An riga an nuna a 2019 cewa ƙiba tana tara gajiyayyun ƙwayoyi a kitsen ɓera, kuma kawar da su daga kitse ko daga cikin ƙwayoyin da ke samar da insulin yana gyara yadda jiki ke sarrafa suga. Samarin ɓerayen da aka ciyar da abinci mai maiƙo na wasu watanni sun isa wannan aiki, ba sai an jira tsufa ba, kuma asibitocin koyarwa na Jidda da Riyad ba su rasa marasa lafiyar da za a iya kwatanta sakamakon da nasu idan an samu izini. Sharaɗin kawai shi ne kada ya dogara da shuɗin rini, kuma kada ya rubuta cewa ya magance tsufa alhali kitse ya auna.

Ɗalibin daktora da ke da shekara huɗu ko biyar tabbatattu, a wuri irin jami'ar KAUST da ke Thuwal ko cibiyar bincike ta Asibitin Sarki Faisal, inda ake da gidan dabbobi mai tsari, ya fi masa alheri ya bi hanyar mTOR. Ba lallai ne ya jira mutuwar ɓera na ƙarshe ba, domin an nuna a 2016 cewa rapamycin na wata uku kacal a tsakiyar rayuwa yana barin tasiri mai ɗorewa, kuma ana iya auna ƙarfin riƙo da juriyar gudu da aikin zuciya da na ƙoda cikin watanni. Idan kuma yana son ya ci moriyar hanyoyin biyu, akwai mahaɗa da aka gano tun 2015: rapamycin yana rage sinadaran kumburin da gajiyayyun ƙwayoyi ke fitarwa ba tare da ya kashe su ba. Kwatanta wannan dannewa da kisan da dasatinib da quercetin ke yi, a ƙodar ɓera mai ciwon suga, maza da mata, aiki ne da za a iya gamawa cikin wa'adin minha. Kafin ya sa hannu kan maudu'in, ya roƙi mushrif ya kai shi gidan dabbobin, ya ga kejin da idonsa, ya tambayi watannin ɓera mafi tsufa da ke ciki da kuma wanda ke biyan kuɗin renonsa.